Asalin Nunin Kimiyya na Yaran Makaranta

A ƙasar Amurka, da waɗansu ƙasashe da suka koya daga gare ta, akwai wata al'ada ta makarantun elementare wadda a kan yi sau ɗaya a shekara. A kan share babban ɗakin taro na makaranta, a jera tebura, kowane yaro a nuna masa wurinsa. Sai ya kafa wani allon kwali mai ninki uku, ya manna takardun da ya rubuta a jiki, ya ajiye abin da ya gwada a gaba. Wani wake ne ya shuka cikin gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya cikin akwati. Wani lemon tsami ne ya soka wa ƙusa da waya. Wata kuwa tsumma iri huɗu ta tsoma a ruwa don ta ga wanne zai riga bushewa. Alƙalai su bi tebur tebur suna yi wa yara tambayoyi, iyaye na tsaye daga baya, da la'asar a raba kyauta. Wanda ya taɓa zuwa nunin amfanin gona, inda manomi kan kawo damin dawarsa ko bijiminsa a duba, ya riga ya san rabin al'amarin. Bambancin kurum shi ne, abin da yaro ya ke kawowa nan amsar wata tambaya ce da ya yi wa kansa, tare da shaidar yadda ya same ta.

Shi wannan nuni ba tsohon abu ba ne, cikin 1928 aka fara shi. Amma gwaje-gwajen da yaran su ke kawowa sun girme shi nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikinsu manyan masana ne suka fara yinsu, a zamanin da ba wanda ya san amsarsu, har a kan yi gardama mai zafi a kansu. Saboda haka ya kamata mu fara da su.

Akwai wani likita a ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, sunansa Jan van Helmont, ya rasu cikin 1644. Mutanen zamaninsa sun ɗauka itace ƙasa ya ke ci ya girma, kamar yadda akuya ke cin ciyawa. Shi kuwa ya ce sai ya auna. Ya ɗebi ƙasa ya busar da ita a wuta har ba sauran laima, ya auna laba 200, ya zuba cikin wata babbar tukunya. Ya samo dashen wani icen bakin rafi na ƙasarsu mai nauyin laba 5, ya dasa a ciki, ya rufe bakin tukunyar da faifan ƙarfe mai huda-huda don kada ƙura ta ƙaru a kan ƙasar. Shekara 5 cur ba ya ba icen kome sai ruwa. Da suka cika ya tumɓuke shi ya ɗora a ma'auni, sai ga laba 169 da oza 3. Ya sake busar da ƙasar ya auna, ya tarar ba abin da ya ragu sai wajen oza 2. To, ina laba 164 ta fito? Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san ba a rufe lissafi da irin wannan rara ba tare da an faɗi mafitarta ba. Van Helmont ya duba, ya ga ruwa kaɗai ya shigar, sai ya rubuta cewa daga ruwa icen nan ya samu jikinsa duka. Ɗansa ne ya buga wannan labari cikin 1648, bayan rasuwarsa.

Awonsa daidai ne, amma hukuncinsa rabin gaskiya ne. Akwai wata ƙofa da kaya ke shiga wadda bai sa wa mai gadi ba, watau iska. Sai bayan shekara fiye da 120 aka fara gane wannan. Cikin 1771 wani Bature na Ingila, Joseph Priestley, ya kunna kyandir ya kifa masa kwalba har ya mutu, sa'an nan ya sa reshen na'ana'a cikin wannan iskar da ta ɓaci. Bayan kwana 10 ya ga kyandir na iya ci a cikinta kuma. Cikin 1779 Jan Ingenhousz ya nuna ganye ba ya yin wannan gyara sai da hasken rana. Da haka, sannu sannu, aka gane cewa ganye na shan wata irin iska, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin rana, ya gina itace. Abin mamaki, shi van Helmont ɗin ya san wannan iska, don ya lura ita ke fita in an ƙona gawayi, kuma shi ne ma ya ƙago kalmar gas da mu ke amfani da ita yau. Abin na hannunsa, bai dai haɗa biyun ba. Yaron da ya sa wakensa cikin akwati ya ga ya yi fari ya langaɓe, jikan wannan bincike ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Na biyu shi ne Francesco Redi, likitan fadar Fulorans a Italiya. A lokacinsa kowa ya yarda ruɓaɓɓen nama shi ke haifar tsutsa da kansa. Cikin 1668 ya bayyana abin da ya yi. Ya sa nama cikin kwalabe, waɗansu ya bar su buɗe, waɗansu ya toshe. Tsutsa ta fito cikin buɗaɗɗun, ba ta fito cikin tosassun ba. Da ya ke ya san masu gardama za su ce rashin iska ne ya hana, sai ya sake, wannan karon ya rufe bakin kwalba da ƙyalle mai shara-shara, iska na shiga, ƙuda ba ya shiga. Ƙudaje suka taru bisa ƙyallen suka yi ƙwai, naman ciki kuwa ya ruɓe ba tsutsa ko ɗaya. A ganina wannan ya fi na van Helmont amfani ga yaro, domin a nan ne ƙa'idar da alƙalan nuni su ke nema ta fito sarai: ka ajiye abu biyu da suka yi daidai ta kowace fuska, ka sāke abu guda tak ga ɗayansu, sa'an nan ka zuba ido.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwatin nan mai 'yar huda da yara kan yi, hoton waje ya faɗo ciki a juye, Hasan ibn Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi bayanin irinsa sa'ad da ya ke nuna cewa haske miƙe ya ke tafiya. Lemon tsami mai ba da lantarki kuwa ƙanen batirin farko ne, wanda Alessandro Volta ya bayyana cikin 1800, inda ya jera faya-fayan ƙarfe iri biyu bisa juna da tsumma mai ruwan gishiri a tsakani. Ƙusar tutiya da wayar jan ƙarfe su ne ƙarafan, ruwan lemon ya tsaya maimakon ruwan gishiri.

Duk waɗannan manya ne ke yi don manya. Wanda ya fara shahara wajen juyo da abin ga yara shi ne Michael Faraday, ɗan wani maƙeri na Landan, wanda bai yi makaranta mai zurfi ba, ɗinkin littattafai ya koya tun yana da shekara 14. Daga 1825 aka soma yi wa yara lacca kowace ƙarshen shekara a gidan binciken da ya ke aiki, shi da kansa ya yi jerin laccocin nan sau 19. Mafi shahara ita ce wadda ya yi a kan kyandir guda, aka buga ta littafi cikin 1861. Ya nuna musu yadda lagwani ke jan narkakken kitse sama, da dalilin da harshen wuta ke da duhu a tsakiya, da ruwan da ke taruwa in an kifa cokali mai sanyi bisa wutar. Ya kan kuma gaya musu su je gida su gwada da hannunsu. Amma duk da haka shi ke tsaye yana yi, yara na zaune suna kallo.

A Amurka ne aka miƙa wa yaro kayan aikin. Cikin shekarun 1890 noma ya yi wuya a jihar Niyu Yok, samari suna ta barin ƙauyuka suna kwarara birni. Hukuma ta ga in ba a sa yaran ƙauye sun so ƙasarsu tun suna ƙanana ba, gonaki za su zama kufai. Aka ba Jami'ar Cornell kuɗi ta shirya wa makarantun ƙauye darasin duban halitta. Wata mace, Anna Comstock, tana cikin waɗanda suka riƙe ragamar aikin, tana rubuta 'yan takardu ana aika wa malamai, daga baya ta tara su cikin wani ƙaton littafi da ya fito cikin 1911. Manufarta ita ce malami ya rage faɗa, ya fita da yara waje su dubi tsuntsu da tururuwa da ganyen masara, su zana abin da suka gani. Gani ya kori ji.

Daga wannan reshe nunin farko ya tsiro. A birnin Niyu Yok akwai wata tsohuwar jam'iyya ta masu sana'a da masu ƙage-ƙage, wadda tun 1828 ta ke shirya nunin injuna da kayan masana'antu. Da ta cika shekara 100 zamani ya riga ya wuce irin nunin nata, sai shugabanninta suka juya ga yara. Cikin 1928 suka haɗa kai da wata ƙungiyar masu koyar da duban halitta, suka buɗe nunin yara a babban gidan ajiye abubuwan halitta na birnin. Abin da aka kawo yawanci kayan lambun makaranta ne, da ƙwari da aka jera cikin akwati, da bayanin kiyaye itatuwa da tsuntsaye. Da yawa kuma aji ne ko kulob ke kawo aiki tare, ba yaro ɗaya ba. Jama'a suka yi ɗoki ƙwarai, aka mai da shi na shekara shekara, aka riƙa ƙara fannoni, har lantarki da haɗa magunguna da ilmin taurari suka shiga.

Cikin waɗanda suka tsara shi akwai wani malami, Morris Meister. Shi tun 1921 ya gama wani bincike a kan abin da yara ke koya bayan an tashi makaranta, wajen wasa da kayan ƙere-ƙere da zaman kulob, ya kuwa tabbata ba ƙaramin ilmi su ke samu ba. Ra'ayinsa shi ne, ba don a fitar da masana kaɗai a ke wannan aiki ba. Yaron da zai zama tela, da wadda za ta zama uwar gida, duka suna bukatar su saba da neman shaida kafin su yarda da magana, domin wata rana su ne za su jefa ƙuri'a. Shi ne ya zama hedimasta na farko na makarantar kimiyya ta Bronx da aka buɗe cikin 1938.

Sai yaƙi ya zo ya sāke manufar. Akwai wata ƙungiya a Washinton mai suna Science Service, wadda wani mai gidajen jarida, E. W. Scripps, da wani masanin dabbobi, William Ritter, suka kafa cikin 1921 don a riƙa bayyana wa talakawa labarin kimiyya. Cikin 1941 kula da kulob-kulob ɗin makarantu na ƙasa duka ya koma hannunta. Cikin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta haɗa kai da kamfanin Westinghouse suka soma gasar neman haziƙai cikin 'yan ajin ƙarshe na sakandare. A kan tace a fitar da 40, a kai su Washinton, a ba waɗanda suka fi sukolashif. Ƙasa na neman masu ƙera mata makamai da magunguna, kamfani na neman ma'aikata. Watau abin da aka fara don kowa ya zama rariya. Ba za a ce rariyar ba ta yi aiki ba, gama fiye da mutum 10 cikin waɗanda suka bi ta wannan gasa sun sami kyautar Nobel daga baya. Ɗayansu, Sheldon Glashow, wanda ya samu cikin 1979, ɗalibin makarantar Meister ne. Amma rariya, kome kyaunta, abin da ta zubar ya fi abin da ta riƙe.

Cikin 1950 ƙungiyar ta shirya nunin ƙasa duka na farko a Filadalfiya, ɗalibai 30 suka zo daga nune-nune 13 na larduna. Ana nan sai ran 4 ga Oktoba, 1957, Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, ya riƙa ratsa sararin Amurka yana ƙara a rediyo. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce makarantunsu ne suka yi barci. Cikin 1958 majalisarsu ta yi doka ta zuba kuɗi masu yawa wajen koyar da kimiyya da lissafi da harsuna. A wannan shekara kuma baƙi daga Japan da Kanada da Jamus suka fara zuwa nunin. Cikin yaran da suka tsaya waje da dare suna kallon wucewar tauraron nan akwai Homer Hickam, ɗan wani garin haƙar kwal mai suna Coalwood. Shi da abokansa suka shiga ƙera 'yan rokoki da guntayen bututu, suna fashewa suna sākewa, har ya ci lambar zinariya a nunin ƙasa na 1960. Daga baya ya yi aikin injiniya a hukumar sararin samaniya ta ƙasar. Babban nunin nan yana nan har yanzu. Kamfanin Intel ya ɗauki nauyinsa daga 1997, Regeneron ya karɓa cikin 2020, ɗalibai fiye da 1,500 kan zo daga ƙasashe fiye da 60.

To, waɗannan manyan gasa duka na 'yan sakandare ne. Amma abin da babba ya yi shi ƙarami ke kwaikwayo. Makarantun elementare suka ɗauki fasalin gaba ɗaya, da alƙalai, da maki, da na ɗaya da na biyu, suka ɗora wa 'yan shekara 7 da 8. A nan ne cuta biyu suka shiga.

Ta farko ita ce hannun iyaye. In an ce gasa ce, uban da ya ke injiniya ba zai zauna ya ga ɗan maƙwabci ya wuce nasa ba. Sai ka ga allo an rubuta shi tsaf, ga zane-zanen lissafi, ga na'ura mai walƙiya, yaro na tsaye kusa da shi kamar baƙo, in an tambaye shi ya waiwaya yana neman uwarsa. Ɗan talaka kuwa da ya yi nasa da hannunsa, rubutu a karkace, ya koma gida hannu wofi. Amurkawa da kansu sun daɗe suna kuka da wannan, har waɗansu makarantu sun hana a yi aikin a gida, waɗansu sun daina ba da kyauta ga ƙananan azuzuwa. Alƙali mai hankali ba allon ya ke duba ba. Ya kan ce wa yaro, me ya ba ka mamaki? Me ya lalace? In an ba ka wata guda kuma, me za ka sāke? Wanda aka yi wa aiki ba ya iya amsa waɗannan.

Ta biyu ita ce ɗaukar abin kallo a maimakon gwaji. Babban misalinta dutsen nan mai aman wuta da a kan gina da laka ko takarda, a zuba masa hodar yin burodi da ruwan tsami, ya yi ta tumbatsa da kumfa. Ba nunin da a kan rasa shi. Yana da ban sha'awa, ba musu, amma ba abin da ya haɗa shi da dutsen gaske, kuma yaron bai tambayi kome ba. Kowace mace da ta taɓa jefa kanwa cikin ruwan tsamiya ta ga wannan kumfa. Da yaron zai auna kanwa cokali ɗaya, da biyu, da uku, ya zuba wa kowanne ruwan lemon tsami daidai wa daida, ya ɗaura balan-balan a bakin kwalba ya auna kumburinsa da zare, da ya tashi daga mai wasa ya koma ɗan'uwan Redi. Har zai tarar akwai inda ƙarin kanwa ba ya ƙara kome, don tsamin ya ƙare, wannan kuwa ba wanda ya gaya masa.

Kada mai karatu ya zaci ƙaramin yaro ba ya iya bincike na gaske. Cikin 1996 wata yarinya 'yar shekara 9 a jihar Kolorado, Emily Rosa, tana neman abin da za ta kai nunin ajinsu. A lokacin akwai wata hanyar jiyya da ta bazu cikin asibitocin Amurka, inda masu yi ke cewa kowane mutum na da wani ƙarfi da ke kewaye da jikinsa, su kuma suna jinsa da tafin hannu ba tare da sun taɓa majiyyaci ba, har su gyara shi. Ana koyar da abin, ana kuma biyan kuɗi. Yarinyar ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta ce gaskiya ne ba. Ta samo kwali ta yi masa huda biyu a ƙasa. Mai jiyya ya zauna a bayansa ya zuro hannuwansa biyu, a rufa tawul don kada ya leƙa. Ita kuma ta jefa kwabo, gefen da ya faɗa shi zai nuna hannun da za ta ɗora nata a samansa, ba taɓawa. Sai ta ce, wane hannu ne? Ta rubuta amsa.

Mutum 21 suka yarda aka gwada su, cikin 1996 da 1997, jimlar gwaji 280. Wanda ya ke cinta kurum, ba ya jin kome, ya kamata ya dace wajen sau 140. Su sau 123 suka dace, watau 44 cikin 100. Ran 1 ga Afrilu, 1998, babbar mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon, tana da shekara 11. Masu sana'ar suka yi ca, suka ce mutanen da aka gwada kaɗan ne, suka ce uwarta, wadda ta ke nas ce, da ma tana gāba da hanyar, kuma ita da mijinta da wani likita ne suka taya ta rubutun. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, sunayensu ma na kan takardar. Amma akwai bambanci tsakanin uban da ya yi wa ɗansa aiki a ɓoye da wanda ya sa hannu a fili kowa ya gani. Ƙofar kuma a buɗe ta ke, kwali da tawul da kwabo ba su fi ƙarfin kowa ba, wanda ya ke jin wannan ƙarfi da gaske sai ya zauna a sake gwada shi.

A Ingila ma, cikin 2010, wata mujallar masana ta buga binciken yara 25 na makarantar ƙauyen Blackawton, 'yan shekara 8 zuwa 10, a kan yadda wani irin ƙudan zuma ke koyon tsarin launi don ya bambance inda ruwan sukari ya ke da inda ruwan gishiri ya ke. Da kalmominsu aka buga shi, da zanen da suka yi da fensir mai launi. Aji ne guda ya yi aikin tare, kamar yadda a ke yi a nunin 1928.

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya ratsa ta ƙasarmu. Gyaran koyarwar da Sputnik ya tayar a Amurka ya sa waɗansu masana suka yi tunanin makarantun Afirka, waɗanda ƙasashensu ke samun mulkin kai a lokacin. Cikin watan Fabrairu, 1965, aka yi taro a Kano, malamai da masana daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila suka hallara, aka kafa shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka. Aka buɗe wuraren aiki a Nijeriya da Gana da Saliyo da Kenya da Uganda da Tanzaniya da Malawi. Sun san makarantar ƙauye ba ta da kwalaben gwaji, ba ta da lantarki, saboda haka suka ce a yi da abin da ke ƙasa: tsaba, gwangwani, tsohon batirin tocila, sauro, kaji. Cikin 1970 aka miƙa shirin ga wata ƙungiya ta 'yan Afirka mai mazauni a Akara, wadda ta yi rauni cikin shekarun 1980 saboda ƙarancin kuɗi. Jarrabawa ma ba ta taimaka ba, don ita haddar amsa ta ke nema, malami kuwa abin da za a tambayi yaransa shi ya ke koyarwa.

Darasin da ya fi shahara cikin shirin nan a kan kurkuɗu ne, ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami kamar mazurari cikin laushin ƙasa a gindin katanga, ya ɓuya a ƙasa yana jiran tururuwa. Ba alƙali a darasin, ba na ɗaya. Yara su tono kurkuɗu su kawo aji cikin ƙoƙo da yashi. In yaro ya ce, Malam, me ya ke ci? Sai malam ya ce, tambayi kurkuɗun. Yaro ya jefa masa tururuwa, ya jefa ƙwayar gero, ya jefa ɗan ganye, ya ga wanne ya kama, wanne ya watso waje. Wani ya ce, yana iya haƙa cikin jiƙaƙƙen yashi? A jiƙa rabin ƙoƙo a bar rabi. Wani ya tankaɗe yashi, ya ware mai laushi da mai tsakuwa, ya auna faɗin ramin da tsinke kowace safiya. Wata ta ɗora shi bisa takarda ta ga ashe da baya ya ke tafiya. Waɗanda suka yi haƙuri suka ci gaba da ciyar da nasu, suka rufe bakin ƙoƙon da ƙyalle, wata rana su kan tarar ba rami, sai wani ɗan dunƙulen yashi kamar ƙwallo. Bayan 'yan makonni dunƙulen ya fashe, wani ƙwaro mai dogon jiki da fukafukai huɗu, mai kama da mazari, ya fito ya maƙale a jikin ƙyallen.